KAFIN KA SAYI KAYAN AIKI NA ARAHA, TUNA DA RANAR DA ZA SU LALACE



Duk shekara, da damina ta ɗauke, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai ka ga masu garka na Gamkalle sun nufi Katako, ko Wadata, ko Babbar Kasuwa, don su sabunta kayan aiki. Kai ma kana cikinsu. Ka shiga kantin kayan ƙarfe, ga pel, ga rato, ga adda, ga arozuwar, ga tiyo a naɗe, ga injin ban ruwa cikin kwalinsa, kowanne da fenti ja ko kore yana ƙyalli. Mai kanti ya ɗauko maka pel biyu. Ɗaya kuɗinsa ya ninka na ɗayan har sau uku. Ka tambaye shi bambancinsu, ya ce: "Duka ɗaya ne, Malam, suna ne kawai." Hannunka yana cikin aljihu, kuɗin kuwa ƙidayayyu ne, ga iri da taki suna jira.

To, wanne za ka ɗauka?

Ra'ayina ke nan, kuma a kansa zan tsaya. Kuɗin da mai kanti ya faɗa rabin magana ne. Sauran rabin sai ranar da abin ya lalace ake jin sa. Don haka, kafin ka taya, yi wa kanka tambaya biyu. In wannan abu ya karye a tsakiyar aiki, me zan yi asara? Wa zai gyara mini shi, kuma a ina? Amsar da ka samu ita za ta gaya maka inda araha take da amfani, da inda take cin mai ita.

YADDA ARAHA TA CIKA KASUWA

Iyayenmu ba su sha wannan ruɗani ba. Hauya da kalme da gatari wajen maƙeri ake samo su, shi kuma maƙwabci ne. In ƙota ta fita ko baki ya lanƙwashe, a mayar masa. Daga baya hukuma ta kafa wuraren ƙera kayan noma, irin su CDARMA a Dosso, da ACREMA a Tawa, da UCOMA a Damagaram, ana yin garmar shanu da amalanke a cikin ƙasa. Kayan Turai kuwa suna kanti, masu ƙarko, amma sai mai hali.

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Abin da ke zuwa daga Turai ya yi wa talaka nisa. Ƴan kasuwa suka juya wajen Najeriya, daga baya Dubai da ƙasar Sin, suna ɗauko abin da aljihun jama'a zai iya. A 2023 kuma, da aka rufe iyakar Benin, kaya suka riƙa zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kuɗin mota ya ƙaru. In ɗan kasuwa ba ya son farashi ya kori mai saye, wace dabara ta rage masa? Sai ya yi odar mai ƙaramin kuɗi, wanda aka rage wa kaurin ƙarfe da nauyin roba.

Amma kada ka ce duk abin da ya fito daga Sin banza ne. Kai da ke Gamkalle, ɗaga kai ka dubi gada ta biyu da aka buɗe a 2011. Mutanen Sin suka gina ta, ga manyan motoci suna bi ta kanta dare da rana. Ƙasar da ta yi wannan gada ita ce ta yi addar da ta lanƙwashe maka a sara na uku. Suna yin mai kyau, suna yin na banza, gwargwadon kuɗin mai oda. Saboda haka sunan ƙasa ba ya raba gardama. Sunan da aka buga a jikin kaya ma haka, domin masu jabu sun iya sauya harafi ɗaya, su bar launi da zane yadda ka saba gani. Idonka da hannunka su ne alƙalai.

KASA KAYANKA KASHI UKU

Kashi na ɗaya, kayan da in sun lalace aiki ba ya tsayawa: igiyar ja layi, bokiti, rato na share ganye, kwandon ɗaukar salati. Nan sayi na araha, babu laifi. In ya mutu yau, ka ari na maƙwabci, gobe ka sayi wani.

Kashi na biyu, kayan da ke cin ƙasa ko ice: kalme, kwasa, pel, diga, adda, gatari. Waɗannan ingancin ƙarfe ne ransu. Nan, sau da yawa, maƙeri na ƙwarai ya fi kanti.

Kashi na uku, kayan da in sun ci amanarka shuka ta mutu ko jikinka ya cutu: injin ban ruwa, tiyon tsotso, famfon feshin magani, da wayar wuta ga masu famfo mai aiki da hasken rana. Nan araha marar bincike caca ce. Ka san salati da shu ba su san haƙuri ba. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke wuce awo 40, kwana biyu babu ruwa ya isa ya mayar da wahalar wata biyu abincin awaki.

ƘARFE YANA MAGANA, IN KA SAURARA

Abin da ke sa ƙarfe tauri shi ne sinadarin gawayi da ke cikinsa, wanda masana ke kira karbon. Langa-langar duro da ƙarfe mai laushi suna da shi kaɗan ƙwarai, ko an gasa su an tsoma a ruwa ba sa riƙe kaifi. Resor na tsohuwar mota kuwa yana da shi isasshe. Shi ya sa maƙeran Katako ke neman sa don gatari da adda. Ga yadda za ka gane wanda ke hannunka.

Na ɗaya, rataye shi a yatsa ka ƙwanƙwasa da ƙusa. Ƙarfe mai kyau yana yin amo mai tsawo. In ka ji ƙwas ya mutu nan take, ko dai akwai tsaga a ɓoye, ko haɗin ya yi sako-sako.

Na biyu, tafi da ɗan magagari a aljihu. Goga shi a bakin addar. In ya ci ƙarfen cikin sauƙi kamar ana kankare sabulu, bakin ba zai daɗe ba. In ya riƙa zamewa yana cin kaɗan-kaɗan, an ba shi tauri.

Na uku, kafa bakin pel a ƙasa ka taka shi da sauƙi. Mai kyau zai ɗan ba da kai ya koma yadda yake. Na banza zai tsaya a lanƙwashe. Dubi kuma wuyansa, inda sanda ke shiga, domin a nan mafi yawa ke karyewa. In ɗigon walda biyu ko uku kawai ke riƙe da shi, ajiye.

Na huɗu, in kana wajen mai walda, roƙe shi ya taɓa ƙarfen a dutsen injin wasa wuƙa. Ƙarfe mai laushi yana fid da tartsatsi dogaye miƙaƙƙu. Mai tauri yana fid da tartsatsi masu fashewa, suna rassa kamar ƙaya.

Na biyar, kada fenti ya ruɗe ka. Fenti mai kauri shi ne mayafin mugun aiki. Kankare shi da farce a wajen haɗi ka ga abin da ke ƙasa. Ƙota kuma, dubi jijiyar icen ta bi tsawonta, babu ƙulli, babu hujin ƙwaro. Ƙotar aduwa ko ta marke da ba a shafa mata komi ba ta fi farin ice mai laushi da aka lulluɓe da jan fenti.

Kada ka ɗauka ina cewa duk abin da maƙeri ya ƙera mai kyau ne. Akwai masu yanko gindin duro su buga kalme ashirin a yini, su kai kasuwa. Wannan ma araha ce mai cin mai ita. Fifikon maƙeri ɗaya ne: ka san maƙerarsa, ka san fuskarsa. Kana iya kai masa ƙarfen da ka zaɓa da kanka, ka faɗi faɗi da nauyin da ya dace da ƙasar garkarka, in bai yi ba ka koma. Wanda ya ƙera addar kanti yana bayan teku, ba zai taɓa jin kukanka ba.

AROZUWAR DA TIYO

Mai garka a bakin kogi yakan ɗauki arozuwar biyu ya sauka ya hau sau da yawa, safe da yamma. Don haka hannunta da gindinta su ne abin dubawa. In ta ƙarfe ce, ɗaga ta ka ji nauyi, ka danna gefenta da babban yatsa. In ta lotsa kamar gwangwanin madara, langa-langar ta yi siriri. Dubi cikinta, ko an shafe ta da tutiya mai hana tsatsa, ko fenti ne kurum. Ka ce a zuba ruwa a gabanka. Mai kanti da ya ƙi a gwada, ya riga ya ba ka amsa.

In ta roba ce, sani cewa rana ce babbar abokiyar gabarta. Lanƙwasa bakinta kaɗan. In wurin ya yi fari, robar busasshiya ce, za ta tsage. Haka tiyo: naɗe shi a hannu, in ya karye ya toshe ko ya yi farin layi, bar shi. Bututun roba mai tauri da ake jan ruwa da shi zuwa fangali, a binne shi cikin ƙasa, in an bar shi a rana yakan bushe ya fashe. Tiyon tsotso kuwa, wanda ke shiga kogi, lalle ya zama mai zobe a jiki, don kada ya shafe in inji ya ja.

Mu yi ɗan lissafi. Wannan misali ne kawai, kai ka sa farashin da ka tarar. A ce arozuwar ta araha jika 2 ce, kana sayen biyu a shekara domin ba ta kai ƙarshen rani. A shekara 4 ka sayi 8, ka kashe jika 16. A ce mai kauri jika 6 ce, ta yi maka shekara 4, ka kai ta liƙi sau biyu a kan jika 1. Ka kashe jika 7. Wa ya sayi tsada a cikinsu? Raba kuɗin kaya da yawan lokacin da zai yi maka aiki, shi ne farashinsa na gaskiya.

INJIN BAN RUWA

Nan ne kuɗi mai yawa ke shiga, nan ne kuma ya kamata ka fi natsuwa. Yawancin injunan araha da ke kasuwa an kwaikwayo su ne daga injunan Japan, irin su Honda da Robin. Ba na ce kada ka saya ba. Mutane da yawa da su suka fita daga wahalar ɗaukar ruwa a hannu. Amma kafin ka je kanti, fara zuwa wajen makanike. Tambaye shi wane iri ne ya fi zuwa gyara, wane ne kayan gyaransa ke samuwa a Yamai. Inji na tsaka-tsaki da ake samun bujinsa da karbiretarsa a kowane lungu ya fi inji mai suna da za a jira kayansa wata guda.

Kada ka yarda da lambar da aka rubuta a kwali sai ka gwada. In an ce yana ba da lita 600 a minti, to duro mai lita 200 ya kamata ya cika cikin daƙiƙa 20. Wannan lamba ta inda babu hawa ce, a garkarka zai ragu. Amma in ka ga ya ɗauki minti guda cur a fili, ka san an yi maka ƙari. Sa a tayar da shi a gabanka, ka saurari ƙararsa, ka duba ƙasa ko mai na ɗiga. Karɓi takardar saye mai ɗauke da lambar injin, ku yi magana a gaban shaida a kan kwana nawa za a karɓa in ya ƙi aiki.

Ka tuna kuma da halin kogin Isa. A watan Agusta da Satumba ruwansa ja ne, cike da laka da rairayi da Sirba da sauran rafukan Gurma ke kawowa. Rairayi yana cin fankar inji da abin da ke hana ruwa yoyo a gindinta. Sa rariya a bakin tiyo, ka ɗaga shi daga ƙasa. A watan Mayu da Yuni kuwa ruwa yakan ja baya, har a 1985 ya daina gudu a Yamai. Komi ƙarfin inji, ba ya tsotso ruwa daga zurfin da ya wuce kamar mita 7 zuwa 8. Matsar da injin kusa da ruwa, kada ka zarge shi a kan abin da ba ya iyawa.

Gaskiya kuma a faɗe ta: injuna da yawa masu su ne ke kashe su. Kada ka tayar da shi ba ka cika cikinsa da ruwa ba, minti kaɗan ya isa ya ƙone. Juye baƙin mai na farko bayan kamar awa 20 na aiki, daga nan duk awa 100. Wanke matatar iska a kai a kai lokacin ƙurar hunturu. In hukuma ta yi gargaɗin ambaliya, kwashe shi zuwa tudu. Wanda ya ga Satumba ta 2020, lokacin da kogi ya kai mita 7 a ma'aunin Yamai ya shanye garake da gidaje, ba ya bukatar a maimaita masa. Injin araha a hannun mai kula ya fi mai tsada a hannun sakarai.

Ga mai ƙaramin fili, akwai famfon takawa da ƙafa, irin wanda aka sa wa suna Niyya da Ƙoƙari, da masu walda na ƙasar nan suka koyi ƙerawa. Ba ya shan mai, gyaransa kuma ba ya gagara. Ga mai famfon hasken rana, kankare bakin wayar da wuƙa. In ja ce har ciki, jan ƙarfe ne. In ka ga fari a ƙarƙashi, sanholo ne aka yi wa rufi, ba ya ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe, yana zafi, yana karyewa.

FAMFON FESHI: NAN BABU CINIKI

Famfon goyo mai lita 16 a bayanka yake kwana tun safe. In murfinsa ko gindinsa na yoyo, maganin ƙwari ne ke jiƙa rigarka, fata kuma tana shan sa. Ciwon kai da jiri da amai da wasu ke ji bayan feshi, sau da yawa daga nan ne. Cika shi da ruwa zalla a gaban mai kanti, ka buga, ka karkata shi, ka shafa hannu a duk mahaɗa. Ja igiyoyin goyo da ƙarfi. Tambaya ko ana sayar da bakinsa da robobin cikinsa daban. In babu, ranar da roba ɗaya ta mutu famfon duka ya mutu. In kuɗinka bai kai na mai kyau ba, gara ku haɗa kai ku uku ku sayi ɗaya. Jika biyun da ka rage a kanti ba za su biya kwana ɗaya a gidan likita ba.

"AI BA NI DA KUƊIN MAI KYAU"

Na san abin da za ka ce. "Malam, lissafinka daidai ne, amma jika 2 ce a hannuna yau, shuka kuma ba ta jira." Gaskiyarka. Wani kuma zai ce garkarsa ba ta da shinge, kaya mai kyau ɓarawo yake kira. Wani filin aro yake nomawa, bai san ko baɗi yana nan ba. Duk waɗannan hujjoji ne, ba na raina su.

Abin da nake roƙo shi ne, in za ka sayi araha, saye ta ido buɗe. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Sayi pel na araha, ka biya ta wajen mai walda ya ƙarfafa wuyansa tun bai karye ba. Sauya ƙotar banza da ta ƙwarai. Cikin goma da ke jingine a kanti, zaɓi wanda ya fi nauyi da tsabtar haɗi, domin ko a kwali ɗaya ba su zama daidai. Sa'an nan, ranar da ka sayar da salatin farko, ware wani abu don kaya ɗaya mai ƙarko. Bana kalme, baɗi arozuwar biyu. A shekara kaɗan sai ka ga ka daina zaryar kasuwa. Abin da ke tsiyata mutum shi ne ya sayi abu ɗaya sau biyar, kowane karo yana cewa ya yi dabara.

Kada kuma ka yi zaton tsada shaida ce. Akwai mai sa wa jabu kuɗin na asali, don ya san wasu da farashi suke auna kyau. Gwajin da za ka yi wa na jika 2, yi wa na jika 20.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA

Mutum ɗaya ba zai gwada kayan kasuwa duka ba, amma masu garka talatin sun riga sun gwada, sai dai kowa ya riƙe labarinsa a ciki. Ku sayi littafi ɗaya ku ba magatakardan ƙungiya. Duk wanda ya sayi kaya a rubuta irinsa, da kuɗinsa, da ranar saye, da ranar da ya lalace. Bayan rani biyu, littafin nan zai fi kowane mai talla gaskiya. Mata masu aikin garka su ma a rubuta nasu, domin kayan da ya yi wa namiji daidai yakan yi musu nauyi, a sa maƙeri ya ƙera gwargwadon hannunsu.

Ku riƙa saye a dunƙule. Mai kanti da zai yi wa mutum ɗaya gardama ba zai so ya rasa cinikin mutum talatin ba, zai yarda a gwada, zai yarda a mayar. Ku ajiye buji da robobi da ɗan tiyo a asusun ƙungiya, da inji ɗaya na ko-ta-kwana, wanda duk nasa ya tsaya zai ara kwana biyu. Ku nemi shawarar malamin gona kafin ku zuba kuɗi a babban kaya.

Ku kuma ƴan kasuwa, kalma ɗaya. Ba a hana ku sayar da araha ba, talaka na bukatarta. Ku dai faɗi gaskiya: wannan na rani ɗaya ne, wannan na shekaru ne. Mai garkar da ka gaya wa gaskiya bana, shi zai kawo maka ƙanensa baɗi.

Ɗan'uwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yau fito da kayanka ka duba su ɗaya bayan ɗaya, ka wasa na wasawa, ka kai na gyara gyara. Ranar kasuwa kuma sa magagari a aljihu, ka tafi da wanda ya fi ka sani.

Allah ya sa albarka a garka, ya ba mu kasuwa mai kyau. Amin.